An gayyace ni cin abinci a gidan da ake dafa giya a Jamus: in je, ko in kawo hanzari?

Ɗan Adar

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Shawara nake nema, musamman daga wanda ya taɓa zama ƙasar Turai.

Ni mutumin Tawa ne, shekara 9 ke nan ina Yamai, unguwar Lazare. Aikina girka famfunan ruwa masu aiki da hasken rana, a rijiyoyin ƙauyuka da na masu lambu. Wurin aikinmu na sayen kaya daga wani kamfani a Jamus, to bana sunka ce a aiko musu da mutum biyu horo na kwana 10 a birnin Munik, cikin watan Yuni, tare da wasu baƙi daga ƙasashe daban-daban. Anka zaɓe ni da wani, shi takardunsa ba su fito ba, ke nan ni kaɗai za ni. Iyakar yawona a duniya Kwatano da Lome da Kano.

Shekaranjiya sunka turo tsarin kwanakin da Faransanci. Daren kwana na uku an rubuta za a ci abincin maraba a wata "brasserie" kusa da babban lambun shaƙatawa na garin. Da fari ban damu ba, don na san a bakin Faransawa kalmar nan sau da yawa gidan abinci kawai take nufi. Sai ƙaiƙayi ya sa na buɗe hotunan wurin. Jama'a, tukwane ne na jan ƙarfe tsaye tsakiyar ɗaki, kowace ta fi ni tsawo, bututai sun bi ta ko'ina. Ashe nan suke dafa giyarsu da kansu, su sayar nan take. Har an ƙara da cewa kafin a zauna mai wurin zai zagaya da mu ya nuna mana aikin, wai tunda mu masu famfo ne za mu ji daɗin ganin bututai.

Ban taɓa sha ba, ba ni kuma da niyya, wannan ba shi ne ya hana ni barci ba. Nan Yamai ma ai mukan tafi bakin kogi da abokai ranar Asabar da marece, mu sa a gasa mana giwan ruwa da tsire, muna kallon rana tana faɗuwa ta wajen Harobanda, motoci na bin gadar Kennedy. Ba a rasa wani tebur can gefe da kwalaben giyar nan masu hoton raƙumin dawa, kowa na harkar gabansa. Amma can teburinsu daban, namu daban. Wannan karon tebur guda ne, don mu baƙi anka shirya abin, kuma wanda zai zauna kan teburin shi ke sa hannu a rangwamen da ake yi wa wurin aikinmu.

To me mutum zai ci a irin wurin nan bai ci alade ba? Me zai sha? In na ce ba ni zuwa, cin fuska ne a wurinsu? Sai kuma wata ƙarama: uwargida ta riga ta ba da jika 15 a yi mini kilishi, tsohuwa kuma ta ce za ta aiko da cuku daga Tawa, wai kada yunwa ta kashe ni a hannun Nasara. Ina tunanin ko in cusa kaɗan a aljihu daren nan.

Tsohon Ɗalibi

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Na yi shekara 6 a yankin nan na Bayan inda Munik take, karatu da ɗan aiki, yanzu ina nan Yamai, unguwar Kwara Kano. Bari in fara da ta ƙarshe don ita ce za ta iya jawo maka asara: kada ka ɗauki kilishin nan, kada ka ɗauki cukun. Dokar Tarayyar Turai ta hana matafiyi shiga da nama ko kayan nono daga ƙasashenmu, busasshe ne ko ɗanye. In ƴan duwan suka buɗe jakarka za su ƙwace, wani lokaci har da tara. Ni nawa kilishin a filin jirgi na rabu da shi ina ji ina gani, shekarar da na fara zuwa, kuma har yau in na tuna sai na ji haushi. Garin yaji, dabino, busasshen zogale, waɗannan ban taɓa samun matsala da su ba.

Lambun da kake faɗa, in shi ne babban, Lambun Ingilishi ke nan. Tun 1789 aka kafa shi, ya kai kusan eka dubu, mutum sai ya wuni yana tafiya bai ƙure shi ba. Wuri ne mai kyau ƙwarai, rafi da ciyawa da agwagi. Sai dai in faɗa maka tun yanzu: akwai wani fili a ciki inda aka yarda mutane su sha rana ba tufafi ko ɗaya. In ka hango daga nesa, sauya hanya kawai, kada ka ce ban gaya maka ba.

Yanzu maganar wurin cin abincin. Abin da za ka fara sawa a ranka shi ne, a wurinsu wannan ba mashaya ba ce irin wadda muka sani, inda mutum ke shiga yana waige-waige. Nan suke kai surukai, nan ake bikin haihuwa, za ka ga tsohuwa da jikokinta da keken jariri. Giya a yankin nan abin alfahari ne kamar yadda kuke alfahari da albasar Galmi. Suna da wata doka tun 1516 da ta ce ba a sa komai a giya sai ruwa da sha'ir da wani fure mai ɗaci da suke kira Hopfen, kuma duk wanda ya zagaya da kai sai ya ambaci shekarar nan, ka zuba ido ka gani. Don haka da suka kai ku can, girmamawa suke nufi, sun kai ku inda suke ganin ya fi ko'ina. Ba gwaji ba ne.

Kuma ba wanda zai matsa maka. Da yawa daga cikinsu ba sa sha, wani don zai tuƙa mota, wani likita ya hana shi, wani haka kawai. Ka ce "ohne Alkohol", wato ba barasa, magana ta ƙare. Abin shan da na rayu a kansa shi ne Apfelschorle, ruwan tufa ne gauraye da ruwa mai iska. Akwai Spezi kuma, koka ce da lemun zaƙi a haɗe. Tarkon da nake so ka kiyaye shi ne Radler: sunansa ba ya kama da giya, launinsa kamar lemo, amma rabinsa giya ce. Na biyu, giyar da aka rubuta wa "alkoholfrei", wato marar barasa, doka ta yarda ta ƙunshi barasa har kashi 0.5 cikin ɗari. Ni ban ma kusance ta ba, don ko ba komai kofin da kumfar iri ɗaya ne, hoto guda ya isa ya iso Tawa kafin kai.

Abinci shi ne inda aiki yake, don girkin mutanen nan alade ne ginshiƙinsa. Duk inda ka ga "Schwein" alade ne. "Speck" da "Schinken" su ma shi ne, kuma su ne masu ɓuya: a cikin kwaɗon dankali, a cikin kabeji, a kan miya, ƴan ƙanana kamar soyayyar albasa. Farar tsiran nan da suke ji da ita, za a ce maka naman maraƙi ce, gaskiya ne, amma da kitsen alade a ciki. Sannan a irin gidan nan suna son zuba giyarsu a girki, romon nama mai duhu sau da yawa da ita aka yi, haka ƙullun da ake tsoma kifi kafin a soya. Har wani cuku da suke dama shi da man shanu da jan yaji a ci da burodi, Obatzda, galibi akan ɗiga masa giya. Kifi gasasshe shi ne mafita. In ana zama a waje ƙarƙashin itatuwa, akan sami wanda aka soke a sanda aka gasa kan garwashi, kamar dai namu na bakin kogi. Ka haɗa da dafaffen dankali da burodin nan mai gishiri da aka murɗa kamar igiya, ka ƙoshi.

Ka tambaya kai tsaye, kada ka ji nauyi. Bajamushe ya fi son ka faɗa masa abin da ba ka ci da ka bar abinci a faranti kana murmushi. Sauran kwanakin kuwa ba ka da damuwa: titunan da ke kudu da babbar tashar jirgin ƙasa cike suke da gidajen abincin Turkawa da Larabawa, da masallatai a cikin benaye.

Af, ruwan sha ma saye ake yi, ba a ajiye maka shi kyauta a tebur, kuma in ba ka ce marar iska ba, mai iska za a kawo. Yuro guda sefa 656 ne. Ka daina lissafin tun ranar farko, in ba haka ba ƙishirwa za ta kashe ka.

Malam Na Bukoki

Ɗana, Allah ya kai ka lafiya ya dawo da kai lafiya. Na karanta bayanin Tsohon Ɗalibi, ya yi ƙoƙari wajen abin ci da abin sha, amma ya tsallake tambayar da ta fi nauyi, wato zaman kansa.

Hadisi ya zo daga Jabir, Allah ya ƙara masa yarda, Tirmizi ya ruwaito shi: wanda ya yi imani da Allah da ranar lahira, kada ya zauna a teburin da ake kewaya da giya a kansa. Ba a ce kada ya sha kawai ba, an ce kada ya zauna. Kai ma zuciyarka ta riga ta gane haka, shi ya sa ka bambanta teburinka da na masu kwalabe a bakin kogi. Batun kashi 0.5 kuwa malaman zamani sun yi maganganu a kai, ni dai ina tare da mai cewa ka nisance ta, ga ruwan tufa an faɗa maka.

Ba ina ce maka ka ɓata da mutanen da kake cin abinci ta hanyarsu ba. Ina cewa kada ka bari sai ka isa bakin ƙofa sannan ka fara neman dabara. Rubuta musu yau. Ka gode musu, ka ce kai Musulmi ne, za ka so a ba ka wuri a teburin da ba a sha, in akwai hali. Tunda ka ce baƙin daga ƙasashe daban-daban suke, da wuya a ce kai kaɗai ne mai salla. In suka ce babu hali, ka je ka gaisa, ka yi godiya, ka nemi uzuri ka koma masauki.

Abu biyu kuma da ba ka tambaya ba. A mazhabarmu ta Malikiyya wanda ya yi niyyar zaman kwana 4 cikakku a gari ya fita daga hukuncin matafiyi, ke nan kwana 10 ɗin nan cika salla za ka yi, kasaru a hanya ne kawai. Sannan ka binciki lokutan salla na can kafin ka tashi, don na ji ranar bazararsu doguwa ce.

Tsohon Ɗalibi

Gaskiyar Malam, na tsallake, don ni kaina ban fita wannan jarrabawa da maki mai kyau ba lokacin da nake can. Batun lokaci kuwa, a watan Yuni rana ba ta faɗuwa a Munik sai bayan ƙarfe 9 na dare, asuba kuma ta yi sammako ƙwarai. In an zauna cin abinci ƙarfe 7, za ka gama ka wanke hannu magariba ba ta yi ba.

Ƴar Dogonduci

Ƙanena, ni tukwanen nan da suka firgita ka su suka ba ni dariya. Kakata ta wajen uwa, Allah ya jiƙanta, burkutu take dafawa a ƙauyenmu muna yara, kafin ta bari ta kama salla, har Allah ya nufe ta da zuwa Makka. Abin da Bature zai nuna maka da bututai da agogo, da tukwanen ƙasa uku take yin sa a bayan ɗaki. Ta jiƙa jar dawa, ta shanya a inuwa ta rufe tana yayyafa ruwa har ta yi tsiro, ta busar a rana, a niƙa, a dama, a dafa, a bari ya yi tsami, a sake dafawa, a tace. Har zuwa nan ruwan zaƙi ne kawai, mu yara ma akan ɗiba mana a ludayi. Sai an zuba ragowar na jiya a ciki ya kwana yana tafasa shi kaɗai ba wuta, sannan ya zama abin da ya zama. Su can sha'ir ne a madadin dawa, yis kuma na saye. Warin dusar nan da za ka ji in ka shiga, za ka ce gidan da ake kunun zaƙi ne.

Ban faɗi wannan don in ce ka shiga ba, kada Malam ya kore ni daga zaure. Na faɗa ne don ka daina kallon abin kamar gidan aljanu.

Shawarata ɗaya ce da ta Malam: rubuta. Ni a wata ƙungiya nake aiki nan Yamai, unguwar Filato, shekara da shekaru ina shirya wa baƙi Turawa abinci. Kafin su zo sai sun aiko mana da jeri: wannan ba ya cin nama, wannan gyaɗa na kumbura shi, wancan ba ya shan nono. Mu bi kasuwa muna haƙilo, ba wanda ya taɓa jin kunyar faɗa mana. Mu ne dai in mun je nasu sai kara ta hana mu buɗe baki, mu dawo muna cewa an ba mu wahala.

Kilishin kuma, tunda ba ya tafiya, ina Yantala, ba nisa.

Direban Faba-faba

Ba'adare za shi Turai ba kilishi ba cuku ba hura, kwana 10! Ku taya mu addu'a kada ya dawo iska na ɗaukarsa. Allah ya tsare hanya Yaya.

Ɗan Adar

Assalamu alaikum. Na dawo tun ranar Talata, gajiya da aikin da ya taru sunka hana ni leƙowa. Na gode muku duka, ga yadda ta kasance.

Daren da Malam da Yaya ta Dogonduci sunka ce in rubuta, na rubuta. Na yi awa guda ina goge layi huɗu. Matar da ke shirya tafiyar ta amsa kafin in kai ga kwanciya, layi biyu: ba komai, akwai wasu biyu da sunka nemi haka. Na ji kunyar awa gudan nan.

Mu 14 ne baƙin. A waje anka zauna, ƙarƙashin wasu manyan itatuwa masu faɗin ganye, kan dogayen bencina na katako, lambun na tsallaken hanya. An ware mana ƙaramin tebur a ƙarshen layi: ni, wani Basanagale mai suna irin namu, wata daga Tunusiya, da wani injiniyan kamfanin wanda iyayensa Turkawa ne, can anka haife shi. Shi ya karɓi takardar abincin ya yi ta yi wa mai kawo abinci tambayoyi da harshensu. Duk da haka kwaɗon dankalin da anka fara kawowa da ƴan jajayen abubuwan nan a ciki, Tsohon Ɗalibi, kamar kana wurin. Anka mayar anka kawo dafaffe. Kifin ya yi daɗi amma bai kama ƙafar giwan ruwa ba, kuma ba yaji, sai da na zaro ƙullin da uwargida ta sa mini. Basanagalen nan ya cinye rabi.

Zagayen tukwane na shiga, ba zan ɓoye ba. Na ce in tsaya baya-baya, sai na tsinci kaina a gaba ina leƙen walda. Jan ƙarfen nan ashe riga ce, cikinsa farin ƙarfe ne marar tsatsa, kuma ban taɓa ganin haɗin bututu mai tsabta irin wannan ba, ko ɗigo babu a ƙasa. Warin kuwa yadda Yaya ta faɗa, sak gidan kunu. Mutumin ya ambaci 1516 sau biyu, na ƙirga. Da anka zo wurin ɗanɗanawa na sulale waje, ba wanda ya ko waiga.

Malam, ga inda nake son ka ji. Muna tsakiyar ci sai babban mai gidan kamfanin ya taso daga teburinsu, kofinsa a hannu, irin mai cin lita guda ɗin nan, ya zo ya zauna dab da ni ya ajiye shi kan teburinmu. Yana son jin yadda famfunansu ke jure ƙura da zafin watan Afrilu, da dalilin da ya sa na wajen Abalak ke saurin lalacewa. Mun yi kusan minti 20. Ban tashi ba, ban kuma ce ya ɗauke ba. Na yi ta kallon kofin nan ina ba shi amsa kan yashi da tacewa. Har yanzu in na tuna sai in ji wani iri.

Magariba a cikin lambun na yi ta, wajen tara da kwata, ni da Basanagalen, bisa ciyawa kusa da rafi. Sai da munka yi yawo kafin mu sami wurin da agwagi ba su ɓata ba. Wani tsoho mai kare ya tsaya nesa ya riƙe igiyar karensa har munka sallame, sannan ya wuce.

Malam Na Bukoki

Barka da dawowa ɗana. Kai ka nemi teburinka, shi ya taso ya same ka. Ka yi istigfari, in an sake gayyatarka ka sake rubutawa. In ka sami sarari ka biyo ta Bukoki bayan la'asar, famfon masallacinmu sati uku ke nan yana tsiyaya.

Ƴar Dogonduci

Sannu da hanya ƙanena. Ba ka ce komai kan kilishin ba.

Ɗan Adar

Yaya, ki yi haƙuri. Ƙannen uwargida biyu sun zo hutu daga Tawa ina can. Takardar da anka naɗe shi kawai na tarar.